Akwatin Baba ya samu magajiya

Ina bisa benci a kicin, sukundireba a hannu, sai ga Umma ta leƙo.

"Ke Hadiza, sauko! Wuta ba abar wasa ba ce."

Sati biyu ke nan makunnin fankar da ke zuƙe hayaki ya lalace. Duk ranar da aka soya kifin kogi, Umma wuni take tana tari. Mai gyara kuwa kullum "sai gobe". Na gaji.

Na ce mata na kashe wutar tun daga mita. Ina buɗewa, ashe maiƙo ne ya daskare a ciki, waya ɗaya kuma ta kwance. Na goge, na ɗaure, na mayar da wuta. Fanka ta tashi!

Umma ta riƙe haɓa. "Wa ya koya miki?"

"Marigayi Baba. Lokacin da yake koya wa su Yaya gyaran rediyo a zaure, ni ke kai masa shayi. Ba na saurin fitowa."

Ta ce, "Ashe wadda bai zaunar ba ita ta ɗauka. Akwatin kayan aikinsa na ƙarƙashin gadona, je ki ɗauko."

Ku fa, me kuka koya daga bakin ƙofa?