Yatsu Uku na Gishiri

A gidanmu na unguwar Lokuwa a Mubi, da an gama tuwon dare sai mu kewaye murhun kakata Iya Delu, gyaɗa tana gasuwa cikin toka. Tsohuwar mai ƙosai ce, kuma ba ta taɓa amfani da sikeli ba. A makaranta ana koya mana kilo da lita, ita kuwa mudu ta sani da tafin hannu.

"Ku matso, ga ta nan ta iso," haka take fara tatsuniya.

Wadda na fi so ita ce ta aljanar bakin mayo, wato kogi, mai raba wa mata kwanon awo da ba ya kuskure. Sharaɗinta ɗaya ne: duk wadda ta karɓa, hannunta zai manta awo. Matan gari suka yi ta karɓa, ban da wata yarinya da ta ce hannunta gadon uwarta ne. Da damina ruwa ya ci garin, ya tafi da kwanukan. Ranar nan babu mai iya sa wa miya gishiri sai ita.

"Iya, ashe kilo mugun abu ne?" na tambaye ta.

"Wa ya ce? Koyi abinki, Hadiza. Amma kawo hannunki." Ta haɗa yatsuna uku, ta tsoma su cikin gishiri. "Wannan ba a barinsa a gida."

Lokacin da masu bindiga suka shigo Mubi, Iya ta daɗe da rasuwa, ni kuma ina karatun aikin jinya. Muka bi duwatsun bayan Gella da ƙafa. A hanya gudawa ta kama ɗan yayata, har idanunsa suka faɗa. Ba magani, ba ko cokali.

Yayata ta riƙe ni tana kuka. "Ke da kika yi karatu, yi wani abu mana!"

Robar ruwanmu rabin lita ce, wannan kam makaranta ce ta koya mini. Na tafasa ruwa, na zuba gishiri yatsu uku da sukari cikin tafi ɗaya, muka dinga ɗura masa. Washegari ya nemi nono.

Yau a asibiti da sirinji da sikeli nake aiki, kuma ba na wasa da su. Amma kafin in sallami uwa, sai na kama hannunta na nuna mata awon, ba tare da jin kunyar kowa ba. Yaron nan yanzu shi ke raka ni kasuwa, yana ɗaukar mini kaya.