Tsohon Zugazugin Baba

Ko da zan manta komai na zamana a Greensboro ta Amurka, ba zan manta safiyar da na yi tsere da motar kwasar shara saboda wani tsohon zugazugi ba.

Ni mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. In na dawo daga aiki hannuna ƙaiƙayi yake yi, sai na samu abin kwancewa. Haka na faɗa gyaran akodiyon, wannan abin kiɗa da ake ratayawa a ƙirji ana ja ana matsawa, mai zugazugi a tsakiya kamar na maƙera. Na fara da wani matacce da na saya a ƙofar gidan wata tsohuwar Baturiya a Pleasant Garden, kafin ka ce me gareji ya cika da su. Matata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai gyaran abin da bai iya kaɗawa ba sai ni.

Wata rana wata baiwar Allah ta kira ni. Bahaushiyar Sudan ce, irin waɗanda kakanninsu suka tafi Makka a ƙasa suka zauna a hanya. Ta ce yaƙi ya koro mahaifinta, ta samu ta kawo shi nan, kuma bai fito da komai ba sai akodiyon ɗinsa.

"Malam, tun da ya zo ba ya fita, ba ya hira," in ji ta. "Sai ya rungume abin nan yana ja a hankali, sautin ma ba ya fita sosai. Ina so a gyara masa, in yi masa surprise, ba-zata."

Ta faki idonsa ta kawo mini, ta ce masa ta kai a goge ne kawai.

Da na buɗe, harsunan ƙarfen da ke ba da sauti lafiyarsu ƙalau, ɗan tsatsa ne kawai. Zugazugin ne ya mutu. Kwalinsa ya ruɓe, fatar kusurwoyi ta tsattsage, ko'ina yoyon iska yake. A ƙa'idar aikin, irin wannan ba a wahalar da kai, sabo ake sawa. Kuma da takunkumi nake aiki saboda ƙurar tsofaffin kaya tana tayar mini da tari, don haka hancina bai gaya mini komai ba. Na yi odar sabo, na ɗaura, na daidaita sautin har ya yi zaƙi. Tsohon kuwa na cusa shi a leda na jefa a kwandon shara, na tura kwandon bakin titi, don washegari ranar kwasa ce.

Da safe kafin in wuce aiki na biya gidansu, wani ɗan fulat a bayan Gate City Boulevard. Na tarar da Baba a kan darduma, dogo, siriri, da farar jallabiya. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa abinsa ina jin kaina kamar wani gwani. Ya rataya, ya ja sau ɗaya, sauti ya cika ɗakin. 'Yarsa har ta fara tafi. Shi kuwa sai ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai ya kai hancinsa jikin zugazugin, ya sake ja.

"Ɗana, wannan ba nawa ba ne."

"Naka ne, Baba. Zugazugin kawai na canza."

"Ina tsohon?"

Bai jira amsata ba. Ya dubi 'yarsa, ya ce:

"Shekara da shekaru a ɗakin mahaifiyarki yake kwana. Duk turaren wutan da ta kunna, cikinsa ya sha. Ita ta rasu, gidan ya ƙone. In na ja, ɗakinta nake shaƙa. Da kuka ga ina ja, ce muku aka yi kiɗa nake nema?"

Yarinyar ta dafe baki ta fashe da kuka. Ni kuwa na san inda ɗakin matar nan yake a wannan lokacin: bakin titi, cikin leda, tare da ɓawon albasa.

Ban ma yi sallama ba. Na faɗa mota na hau titi, kuma ranar kamar an haɗa baki, kowace danja sai ta tsayar da ni. Ina dukan sitiyari, ina kiran matata, waya na ta ringin ba ta ɗauka. Na kira maƙwabcina, ya ce yana wurin aiki. Wata mota ta tsaya a gabana za ta shiga shagon kayan miya, na danna mata hon kamar ina tsakiyar Sabon Gari, matar da ke tuƙin ta juyo tana kallona kamar mahaukaci. Addu'ar da ban yi ba ita ce wadda ban sani ba.

Ina karya kwanar layinmu, motar shara tana fitowa. Muka yi kiciɓis, direban har da ɗaga mini hannu. Na hango kwandonmu murfi a buɗe. Na sauka na leƙa duk da na san abin da zan gani, wayam. Na zauna a gefen titi da kayan aikina, ina tunanin da wane baki zan koma wurin dattijon nan.

"Baban yara, lafiya kake zaune a ƙasa kamar an kore ka daga aiki?"

Matata ce a bakin ƙofa, hannunta duk kumfar wanke-wanke. Na gaya mata a guntule. Ta kalle ni, ta girgiza kai, ta shige ciki, ta fito da ledar.

"Da na fita zubar da shara na ji ƙamshin sandal na tashi," ta ce. "Na ce wannan ƙamshin ɗakin mace ne, ba kayan bola ba. Kai hancinka ado ne?"

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Ranar ban je aiki ba. Na cire sabon, na zauna ina bin tsohon ninki-ninki da siririyar fata, ina liƙewa ta waje kawai, ban bari komai ya taɓa cikinsa ba. Ya ɗauke ni kwanaki, kuma duk da haka bai daina yoyo gaba ɗaya ba. Duk wani mai gyara da ya ga aikin nan zai yi mini dariya.

Da na mayar, Baba bai taɓa maɓallin sauti ko ɗaya ba. Ya buɗe zugazugin a hankali, ya matsa, ya rufe ido. Can ya yafito 'yarsa.

"Zo ki gaida mahaifiyarki," ya ce. "Amma a hankali, kada mu ƙarar da ƙamshin."

Daga wannan rana na koyi cewa abin da ni nake gani ya lalace a kayan mutum, wataƙila shi ne kaɗai dalilin da ya sa yake riƙe da kayan. Yanzu duk wanda ya kawo mini gyara, kafin in ɗauki sukudireba sai na zaunar da shi na tambaye shi: me kake so in gyara, me kuma kake so in bar maka yadda yake?