Kulsumu Mai Lalle da Safar Asibiti

A Shinkafi, shekarun da aka soma Shari'a, in ka ga amarya da lalle ja wur har wuyan hannu, ba sai ka tambaya ba, aikin Kulsumu ne. Wurin kakarta ta gaji sana'ar. Sauran masu lalle leda suke ɗaura wa mata, ita kuwa safar hannu ta roba take zura musu, mai kama fata, lallen ya kwana bai zame ba. Har daga Badarawa da Galadi ake zuwa ɗaukarta a babur.

Mijinta Armiya'u ke kawo mata safar. Shi ke gadin wani sito inda gwamnati ta jibge kayan kariya na ma'aikatan lafiya, tun bayan sanƙarau da ya yi ɓarna, don kada wata annoba ta zo ba shiri.

"Ba mai waiwayar kayan nan," in ji shi. "Zafin kwano ka lalata su a banza."

Ita ma ba ta tsananta tambaya ba.

Wata damina amai da gudawa ya ɓarke, ya kama ɗiyarta Ilham. Ta goya ta zuwa rumfar da aka kafa wa masu cutar. Nan ta iske Malama Saratu, ma'aikaciyar jinya, tana kwashe aman mutane, hannunta cikin ledar burodi.

"Malama, ina safarku?"

"An buɗe sito, kwalayen sama kaɗai ke da kaya, na ƙasa wayam." Saratu ta karɓi yarinyar, idonta ya sauka kan hannun uwar. "Kai, lallen ga ya kama! Wa ya yi miki?"

Kulsumu ta cusa hannuwanta cikin hijabi. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ilham ta tashi. Saratu kuwa ta kamu, da ƙyar ta sha. Kulsumu ta tattara ragowar safar ta ba wata maƙwabciya ta kai rumfar, ta roƙe ta kada ta faɗi mai aiken. Da asirin siton ya tonu, aka sallami Armiya'u daga gadi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, ya koma noman albasa.

Har Saratu ta bar aiki, in sun haɗu wurin suna ko gaisuwar mutuwa, ita ke fara cewa, "Maman Ilham, ina yarinyata?" Kulsumu takan amsa kanta a sunkuye, ta nemi tabarmar da ta fi nisa.