Zauren da Inna Take Cire Hijabi

Shekarar da ciwon suga ya kama Inna, likita bai ɗora mata wani abu mai wuya ba. Ya ce ta rage tuwo, ta kuma riƙa tafiya kullum har gumi ya keto mata. Tuwon ta rage shi, tana mita. Tafiyar ce ta zama rigima, don a unguwar Boukoki mace mai jikoki ba ta isa ta ɗaga ƙafa a titi ba tare da an tare ta an tambaye ta wa ya rasu ba. Gidan yayana da take zaune kuwa, murhu da babur da igiyar shanya sun cinye tsakar gidan.

Wata ƙawarta Bazabarma ce ta kai ta tsohon zauren wasanni na unguwa. Mun san shi tun muna yara, a nan muke kallon wasan kwaikwayo idan an yi hutun lakwal, wato makaranta. A lokacin ya riga ya tsufa tukuf. Kwanon rufin yana yoyo, fankokin sun daina juyawa, simintin ƙasa ya dare. Da yamma samari ƙalilan ke zuwa buga ƙwallon tebur. Amma bayan sallar asuba, mai gadin yakan buɗe wa tsofaffin mata ƙaramar ƙofar baya, ya koma waje ya zauna da shayinsa, ya juya bayansa ga ƙofar.

Sau ɗaya na bi ta, don in ga abin da ke fitar da ita da sassafe haka. Na tarar da hijabai rataye a jikin ƙusoshi, mata kuma suna zagaye zauren suna wurga hannu kamar sojoji. Inna ce a gaba, ɗankwali kawai a kanta, tsohon wandon ƙwallon yayana a ƙarƙashin zaninta, tana yi wa na baya tsiya wai sun cika nawa. Rabona da in ji ta tana dariya irin wannan tun kafin rasuwar mahaifinmu. A watannin nan kumburin ƙafarta ya sauka, likita har yaba mata ya yi.

Da muka fito ta riƙe mini hannu. "In maigidanki ya ji wagga magana, ba ni ba ke," in ji ta.

Maigidana ma'aikacin meri ne, wato hukumar birni, a sashen da ke kula da gine-gine. Tsakaninsa da Inna akwai kunya irin ta da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Idan ya je gaishe ta, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa daga bayan labule. Ni a lokacin abin burge ni yake yi, har ina yi wa ƙawayena alfahari da shi.

Sai aka taso da batun tsofaffin zaurukan birni, waɗanda za a gyara da waɗanda za a sauya. Wata rana ya dawo da zane a hannu, yana ta murna. Namu zauren za a cire masa rufi, a rushe bangon, a mai da shi fili mai shingen waya da fitilun sola. Ya ce gyaran rufin ɓata ƙarfi ne, tunda da safe ba kowa a ciki sai tantabaru.

Ban iya haɗiye wannan ba, na faɗa masa komai. Ya cire hula ya mayar, ya kasa kallona.

"Yanzu so kike in tashi gaban mutane in ce surukata na gudu da wando?" ya ce a hankali. "Kuma in na faɗa, mai gadi za a fara kora, don ba wanda ya ba shi izini."

Na ce masa bango da rufin nan su ne maganin uwata. Ya ce ya ji, amma maganar sai ta fito daga bakin matan. Za a yi taron jin ra'ayin mutanen unguwa, su zo su faɗa da kansu. Ya yi mini alkawari shi ba zai je ba, abokin aikinsa zai wakilci sashen.

Ban sha wahalar shawo kan Inna ta je taron ba, da ta ji ba zai zo ba. Mace ce da ta yi shekaru tana sayar da atamfa a kasuwar Wadata, masu turin kura ma tsoron bakinta suke. Matan suka ce ita za ta yi magana da yawunsu. Ta kwana biyu tana gwada abin da za ta ce, har da inda za ta nuna musu ƙafarta.

A cikin zauren aka yi taron, da la'asar. Maza a gaba kan kujeru, mu a baya kan tabarmi. Samari suka yi magana, duk fili suke so, kuma ban ga laifinsu ba. Ana cikin haka sai na ga maigidana ya shigo ta ƙofar gefe, ya zauna a teburin manya, kansa a ƙasa. Daga baya na ji ɗan abokin aikin nasa ne aka kwantar a asibiti, shugabansu ya kira maigidana dole. Inna ba ta gan shi ba sai da ta miƙe aka ba ta lasifika.

Na ga lokacin da idonta ya sauka a kansa. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska.

"Mun zo mu yi muku fatan alheri ne," in ji ta. "Allah shi taimake ku."

Ta zauna, aka tafa mata. Raina ya ɓaci. Na miƙe ba tare da an ba ni dama ba, na ce akwai mata masu ciwon suga da hawan jini da ke tafiya a nan kullum, kuma ba za su iya yi a fili ba. Mai jagorantar taron ya tambaya cikin ladabi ko suna nan, su ɗaga hannu. Na waiwaya. Inna tana kallon tabarma, sauran kuma suna kallon Inna. Wani daga gaba ya ce ai wannan maganar mata da miji ce, mu ƙarasa ta a gida, aka yi dariya. Aka tashi a kan cewa iyaye mata sun sa wa aikin albarka.

Na daɗe ban san wanda zan yi fushi da shi ba. Na yi da maigidana, na yi da Inna, na yi da wannan kunyar da nake alfahari da ita. Har yau, idan ya durƙusa a ƙofarta, nakan kau da kaina.

Aikin ya ci damina guda da rani. A tsakanin, Inna ta koma zama, ƙafar ta sake kumbura, aka ƙara mata magani. Filin da ya fito ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, kuma cike yake da yara tun safe.

Na matsa mata har ta yarda mu gwada. Muka je tun hantsi bai yi ba, tana cikin dogon hijabi da silifas. Tana sa ƙafa a ciki, wani saurayi ya dafe ƙwallon da suke bugawa. Duk suka tsaya cak, wasu har da rusunawa.

"Ina kwana, Hajiya. Ki wuce, muna jira."

Ta amsa musu ɗaya bayan ɗaya. Ta bi gefen shingen a hankali, irin tafiyar da ta dace da dattijuwa, su kuma suna tsaye suna jira ta gama. Ba ta kai rabin filin ba ta juyo.

"Na hana ɗiyan mutane wasa," in ji ta. "Tsaida muna taksi, ƙafar ba ta kai ni gida."