Safiyar Layya babu hanta

Shekarun baya, a shekarar da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, na ɗauko mahaifiyata daga Kano na kawo ta wurina a London. Ta fita takaba ke nan, ta rame har zoben hannunta yana zamewa in tana alwala. Yayyena suka ce canjin wuri zai yi mata amfani, kuma tunda tana da ciwon suga, gara ta zo wurin 'yarta mai aikin asibiti. Na karɓi aikin da ƙarfin gwiwa. A lokacin gani nake babu damuwar da magani a kan lokaci da abinci a kan lokaci ba za su warkar ba.

Muna zaune a Thamesmead, a wani flat can sama, cikin dogayen gine-ginen kankaren nan da kowanne ke kama da ɗan'uwansa. Tagar falonmu tana kallon tafki, nan kuwa mahaifiyata ta mayar wurin zamanta. Ta ja kujera, carbi a hannu, ta yini tana kallon agwagi da wasu fararen tsuntsaye masu dogon wuya suna yawo a kan ruwa. Abinci sai an yi da gaske take taɓawa. In na matsa mata ta ce, “Ke dai ajiye, zan ci.” In dawo in tarar da shi yadda na ajiye, sai dai ya huce.

Mutum ɗaya ne ke iya sa ta dariya, ɗana, wanda a lokacin yana ƙananan azuzuwan firamare. Sunan mahaifina aka sa masa, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. Maigida take ce masa, irin wasan nan na kaka da jika, ni kuma in ce Babana. Yana jin Hausa tsaf, amma amsa sai da Turanci, in ya ga dama ya haɗa biyun ya kwaɗanta. Kullum ya dawo makaranta sai ta tare shi da, “Maigida, ina tsarabata?” Shi kuma ya laluba aljihu ya miƙa mata rabin biskit, ko wani dutse mai santsi da ya tsinta a hanya. Duk tana tarawa a bakin taga.

Shi ne ya kawo maganar karin kumallon Sallah. Tun bayan hutun Kirsimeti malamarsu ta sa kowane yaro ya faɗi abin da ake ci a gidansu da safiyar biki, abokinsa ya ce su bacon, wato soyayyen naman alade, da ƙwai suke ci, da burodi mai siffar tauraro. Da aka zo kan ɗana sai ya rasa ta cewa. Ya dawo gida ya tsare ni a kicin. Na lissafa masa waina da miyar taushe da soyayyen nama, ya ce a'a, waɗannan na rana ne, na safe yake tambaya. Gaskiyar magana, safiyar Sallarmu a London shayi ne da burodi a tsaye, ana neman takalmi ana duba lokacin bas. Nan take ya yanke hukunci: in Babbar Sallah ta zo, shi zai yi mana na safe, kuma kakarsa ce za ta fara ci.

Akwai wani mahauci Musulmi da muke sayen nama wurinsa, shi ya nuna mini bacon na naman sa, na halal, an yanka shi siri-siri an gyara shi da gishiri da hayaƙi. Tukunyar kuwa air fryer ce, wata 'yar na'ura mai gasa abu da iska mai zafi, wadda mijina ya sayo na yi ta yi masa tsiya, ina cewa ya kawo mana injin busar da gashi mai aljihu. Ba a yi wata ba na ƙwace ta, har ina hana shi taɓawa.

Sai ni da ɗana muka shiga gwaji a ɓoye, lokacin da mahaifiyata ke ɗan kishingiɗa bayan azahar. Mu ɗauko ƙananan kofunan gasa kek, mu zagaye cikinsu da yankan naman, mu fasa ƙwai a tsakiya, a barbaɗa masoro da ɗan yankakken tumatir, a tura cikin na'urar. Na farko ya fito da tauri, na biyu ruwa-ruwa. Burodin kuma ɗana ya ce ba tauraro kaɗai ba, har da jinjirin wata, ya yi ta yanka da bakin kofi harshensa a waje. Ina kallonsa ina jin daɗi, ina ce wa kaina na iya tarbiyya, na iya riƙon uwa, na haɗa gida biyu a faranti ɗaya.

Abu ɗaya na manta, kuma shi ne babba. A nan ba a yanka rago a gida. Ka yi booking, wato ka biya kuɗin ragonka tun da wuri wurin mahauci, a yanka a wata mayanka can bayan gari, naman ya iso maka washegari a cikin leda. Na daɗe da sabawa da haka har na daina ganin abin faɗi ne. Ban gaya wa mahaifiyata ba.

Ranar Sallar ta faɗo lokacin zafi, gari ya waye tangaran. Muka yi Idi a wani filin ciyawa, iska na kaɗa mayafai, kabbara na tashi da muryoyin mutanen ƙasashe iri-iri. A ranar mahaifiyata ta fara ɗaura sabuwar atamfa tun bayan rasuwar. Da muka dawo ta tsaya a ƙofar ginin tana waige-waige.

“A ina kuka ɗaure ragon?”

Mijina ya dube ni, na dubi takalmina. A cikin lif na yi mata bayani, ina ta kwana-kwana. Ta saurara har na gama, ta ce, “To, Allah ya kai mu goben.” Ta shiga ta zauna a kujerarta ta bakin taga.

Na kawo shayi da ƙwayar maganinta. Ta girgiza kai.

“Sai an kawo hanta.”

A gidanmu, kamar gidaje da yawa, ranar Layya ba a kai komai baki sai an sauko Idi an yi yanka, a fara da hantar ragon. A Kano wannan jira ne na hantsi. A nan kuwa jira ne na yini da kwana, ga mace mai suga wadda rabonta da abinci tun jiya da magariba.

Na fara da maganar asibiti, na yi mata bayanin abin da ke faruwa in suga ya faɗi. Da na ga bai ci ba na koma malanta. “Umma, ai malamai sun ce ba dole ba ne, abin so ne kawai. Mai lalura ma…”

“Na sani,” in ji ta, ba ta ko juyo ba. “Wa ya koya miki?”

Mijina ya durƙusa daga nesa ya ce, “Umma, bari in je yanzu in samo hanta mai kyau wurin mahauci.”

“Allah ya yi maka albarka. Amma ta kasuwa ai ba ta Layya ba ce. Kada ka wahalar da kanka.”

Na lura carbin yana ɗan rawa a hannunta, ga zufa ta tsattsafo a goshinta. Na san alamar, kullum ina ganinta a wurin aiki. Tsoro ya kama ni, haushi ma ya kama ni, na shige kicin don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Na tarar da ɗana a kan 'yar kujerarsa, da kaftaninsa na Sallah, ya naɗe hannun riga ya jera kofuna. Bai san abin da ake ciki ba. Na rasa yadda zan ce masa a fasa, sai kawai na tura masa aljihun na'urar na kunna.

Na'urar ta fara hucinta a hankali. Can sai ƙamshi ya taso, ƙamshin kitse da ya ji wuta da ɗan hayaƙi-hayaƙi, ya cika kicin ya fita falo. Ina jingine da firji, ban san lokacin da na bar London ba. Sai ga ni a tsakar gidanmu, ƙasa ta jiƙe da ruwan wanke nama, gawayi ya yi ja a kasko. Ga mahaifina a tsugune ya naɗe hannun riga, hularsa ta koma ƙeya, yana juya hanta a kan wuta. Mu yara mun kewaye shi muna haɗiyar yawu, amma mun san ba mu ne farko ba. Ya yanki 'yar ƙarama, ya hura mata iska, ya miƙe ya nufi ƙofar ɗakin mahaifiyata. Mutumin da ko sunanta ba ya kira a gabanmu, a wannan safiya kaɗai yake kai mata loma baki da hannunsa, ita kuma ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana cewa, “Kai, Malam, yara na kallo.”

Na'urar ta yi ƙara ta tsaya, na dawo kicin ɗina idona cike da hawaye. Shekara da shekaru ina ganin abin nan, ban taɓa ɗaukarsa komai ba. Na zo ina yi mata wa'azi a kan hanta, alhali wannan ce Layyarta ta farko da babu mai miƙo mata.

Ɗana ya jawo aljihun na'urar. Ya jera abinsa a faranti, ƙwai a tsakiyar nama, wata da tauraro a gefe, ya ɗauka da hannu biyu ya tafi yana taka ƙasa a hankali. Na bi bayansa. Mijina da ya ga an nufi mahaifiyata da abinci sai ya tuna yana da abin dubawa a mota, don ya san ba ta cin abinci a gaban suruki.

“Kaka, Barka da Sallah. I made it. Ni na dafa.”

Ta dubi farantin, ta ɗan yi murmushi. “Wannan kuma fa? Kilishi ne bai ji ƙuli ba?”

“It's bacon. Na saniya. Halal.”

“Sannu da aiki, Maigida. Ajiye, zan ci.”

Ya san wannan maganar, ya sha jin ana gaya mini ita. Ya tsuke fuska. “No. Kullum kina cewa haka.”

“To wane irin maigida ne wannan, ranar Layya babu rago?”

“Rago is coming gobe,” in ji shi. “Ki ci wannan first. Ni ne Maigida, you said.”

Ya ajiye farantin a bakin taga kusa da duwatsunsa, ya sa yatsu ya ɓalli ɗan nama da gefen ƙwai. Da zafi, har ya ɗan yarfe hannu. Sai ya kai bakinsa ya hura, kamar yadda nake yi masa tun yana jariri, ya yi ɗage ya miƙa mata.

Carbin ya tsaya. Ta daɗe tana kallon hannun nan, hannun riga a naɗe, ɗan maiƙo yana gangarowa a yatsa. Sannan ta kai hannu ta jawo mayafinta ta rufe rabin fuska, ta ce da wata murya da na daɗe ban ji ba, “Kai, yara na kallo.”

Ya waiga ya dube ni, don ni kaɗai ce a wurin. Na juya baya na fuskanci bango. Ina jin ta ta yi bismilla.

Ta cinye ƙwai ɗaya, ta ci jinjirin wata, ta ce tauraron ya yi kyau da yawa a bar shi. Ta sha shayi ta haɗiyi maganinta. Ta ce gishirin ya ɗan yi yawa, a gaya wa mai dafawa. Washegari da hantsi naman ya iso, na gasa hantar a cikin na'urar na kai mata da zafinta. Ta naɗe hannuwa a cinya ta ce, “Ina Maigida?” Na ce yana makaranta. Ta sha shayinta da burodi saboda magani, amma hantar nan ba ta taɓa ta ba sai da ya dawo ya ajiye jaka.

Daga ranar cin abincinta ya fara dawowa, kaɗan-kaɗan. Ta yi wasu watanni ta koma Kano da kumatunta, ta ƙara shekaru masu albarka kafin ita ma ta bi mahaifina. Allah ya jiƙansu, ya haɗa su a inda babu rabuwa.

Har yau in na tuna ina jin kunyar wa'azin da na yi mata, kuma na rage saurin ba mutane amsa a wurin aiki. In tsohuwa ta ture faranti, nakan ja kujera in tambaye ta wa ke ba ta abinci a gida. Na'urar nan tana nan, hannunta ya tsage, mijina ya gaji da cewa a sayi sabuwa.

Ɗana yanzu ya fi ni tsawo, murya ta buɗe, Hausarsa ma ta miƙe. Har yanzu shi ke yin na safe ranar Layya, ya daina yanka tauraro dai, wai ya girma. A Sallar da ta fara zuwa bayan rasuwarta, muka dawo Idi na zauna a kujerar bakin taga, ban sha ko ruwa ba, ban kuma ce ina jiran komai ba. Ya fito da faranti, ya ɓalli loma, ya hura mata iska. Ya tsaya da ita a hannu yana kallon kujerar, kamar ya manta wa ke zaune a kai. Sannan ya sunkuyo ya ce, “Mummy, buɗe bakin.”