Yarinyar da Sale ya dawo da ita daga Fanya

Ni ne na yi kuskure, ba Sale ba. Gara in faɗi haka tun farko kafin in ce komai a kansa. A daminar bana ƙanena Salihu, wanda duk Gaya ta sani da Sale Tela, ya cika shekara arba'in da rasuwa. Masu rubutu a wannan shafi kan yabi mamaci, su ɗan yabi kansu a gefe. Ni ba ni da abin da zan yabi kaina da shi. Karatuna bai wuce elemantare ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da yadda maganar za ta fito.

Mu biyu ne maza a gidanmu. Ni ne babba, ina noman gandu da damina, da kaka kuma ina awon gyaɗa a Ajingi, har na yi gida a can. Shi ɗinki ya koya. Ba da daɗewa da samun 'yancin kai ba, wani mahauci ɗan Kademi ya zo ganin gida, ya ba shi labarin wani tsibiri a cikin teku, gaba da Kalaba, inda Turawan Sifaniya ke da gonakin koko. Ya ce leburori sun yi yawa, teloli sun yi kaɗan. Sunan tsibirin Fanando Fo, amma kowa Fanya yake ce masa. Yau yana cikin ƙasar da ake kira Ikwatoriyal Gini. Sale ya kwance kan kekensa na ɗinki, ya naɗe a buhu, ya tafi. Daga baya muka ji a bakin fatake cewa ya auri 'yar ƙasar, ta musulunta, sun haifi mace. Daga nan sai shiru.

Bai dawo ba sai tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka tura jiragen ruwa suka kwaso 'yan Najeriya daga can. Ya sauko daga bayan wata babbar mota a tashar Gaya, ba keke, ba akwati, ya rame kamar kara, yana riƙe da hannun wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba. Mariya sunanta. Uwarta ba ta zo ba, domin an hana 'yan ƙasa fita. A bakin jirgi ta miƙa masa 'yar ta koma.

A majalisarmu ta gindin tsamiya Sale ya riƙa ba da labari. Ya ce bayan Turawa sun tafi, wanda ya hau mulki ya naɗa kansa shugaba na har abada. Makarantu sun mutu, mai ilimi ya zama abin farauta, gishiri da sabulu sai a mafarki. Ya ce an farfasa kwale-kwalen masunta don kada kowa ya gudu, har mutanen da ruwa ya kewaye suka rasa kifin miya. Ni kuwa a lokacin kuɗin mai ya shigo Najeriya, na sayi sabon babur, ina ganin duniya a tafin hannuna take. Na dube shi a gaban mutane na ce, “Sale, an ce tafiya mabuɗin ilimi, amma kai ƙarya ta buɗe maka. Ƙasar da ba ta kai unguwa ɗaya a birni ba, har ta isa a yi irin wannan mulki?” Aka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi. Bai sake ba da labarin ba. Duk abin da ya faɗa, daga baya na ji shi a rediyo, har da wanda ya fi shi muni.

Amma ba wannan ne babban laifina ba.

Yaran yanzu ba su san nauyin kunyar ɗan fari ba. A zamaninmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, sau da yawa ma ba ya riƙonsa, wani ɗan'uwa ake ba. A gidanmu abin ya fi tsanani, don Inna, mahaifiyarmu, Bafulatana ce. To sai ga Sale yana zaunar da 'yar farinsa a cinya a tsakiyar zaure, yana kiran sunanta da ƙarfi, yana ba ta tuwo a baki, suna ta magana da wani yare mai sauri. Yarinyar ta tashi ne a ƙauyen kakanninta na wajen uwa, yayin da shi yake ɗinki a cikin gari, don haka yaren uwarta da Sifaniyanci kawai take ji. Inna ta riƙa rufe fuska da gyale. Matan unguwa suka ce Sale ya bar kunyarsa a teku. In na shiga kasuwa sai a tambaye ni cikin zolaya, ana nufin shi da yarinyar, “Ina Baturen gidanku da mai ɗakinsa?”

Na kira shi bayan gida, wajen rumbuna.

“'Yar fari ba ta zama a hannun ubanta. Zan tafi da ita Ajingi, Hansai ta riƙe ta.” Hansai ita ce matata.

“Yaya, ba ta jin Hausa. Ko ruwa take so, ni kaɗai zan gane.”

“Ai shi ya sa. In tana tare da kai, har ta yi aure ba za ta ji ba.”

Ya ce, “Abu ɗaya uwarta ta roƙe ni a bakin jirgi. Ta ce kada in bari ta manta maganarsu, don ranar da hanya ta buɗe su iya gaisawa. Na yi mata alkawari, Yaya.”

“Wace hanya? Ba kai ka ce sarkinku ya fasa jirage ba?”

Ya sunkuyar da kai. Ƙane ba ya ja da wa, balle wanda ya dawo hannu rabbana yana ci daga rumbun wan. Na san haka, kuma da shi na yi amfani. Washegari na ɗora ta a gaban babur. Tun daga Gaya har Ajingi tana kuka tana kiran wasu kalmomi, ni ina ce wa raina icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In faɗi gaskiya, ba a cuce ta da ci ko sutura ba. Hansai ta riƙe ta kamar ita ta haife ta, ita ce ma ta mayar da sunan Mairo. Amma na kafa doka cewa a gidana Hausa ake yi. In ta yi yarensu yara su yi mata dariya, in na ji in daka tsawa. Ta yi kusan rani guda ba ta cewa uffan, sai nuni da hannu. Daga nan Hausa ta fara fitowa, na ce alhamdu lillahi.

Sale kan zo ranar kasuwar Ajingi a kan keken aro. Ya zauna a zaure, mu gaisa, mu yi maganar damina da farashin dawa. Al'ada ba ta ba shi damar ya ce a kira masa 'yarsa ba, ni kuma ba na cewa a kira ta. In Allah ya sa ta leƙo, a farko da gudu take faɗa masa a jiki tana zuba magana. In yi gyaran murya, ya ɗan ture ta. A hankali gudun ya ragu. Wata rana ta kawo mana ruwa, ya yi mata magana a hankali da yaren nan. Ta durƙusa, idonta a ƙasa, ta ce, “Ina wuni, Baba.” Ya sake maimaitawa. Ta dube shi, ta dube ni, ta tashi ta shiga gida.

Na ce, “Ka gani ko? Yarinya ta zama mutum.”

Ya ce, “Na gani, Yaya.”

Bai sha ruwan ba. Tari ya kama shi a shekarar da ta biyo, ya yi jinya a ɗakin Inna har Allah ya karɓi abinsa. Ni na sa shi a kabari da hannuna, kuma ko a ranar ban ga na yi masa wani laifi ba.

Nakan tambayi kaina me Sale zai ce da ya ga yau. Ƙasar da na raina, an haƙo mai a tekunta, har samarinmu na neman hanyar zuwa can ci-rani. An ce akwai tituna masu faɗi da dogayen gine-gine, an ce kuma talaka yana nan inda yake, yana hangen hasken rijiyoyin mai daga ƙauyen da ba famfo. Mulki ya daɗe a hannu ɗaya, ya fi shekarun wasu 'ya'yana. Na san Sale zai yi murmushin nan nasa ya ce, “Yaya, mu ma ai mun ga mai, ina gyaɗarka take?” Ma'aunin da nake taƙama da shi ya yi tsatsa tun tuni. Na kuma ji cewa gwamnatinsu harsuna uku take aiki da su: Sifaniyanci, aka ƙara Faransanci, aka sake ƙara na mutanen Fotugal, kamar mai ɗora riga kan riga don ya shiga taron manya. Duk cikinsu babu wanda uwar Mairo ta yi mata rarrashi da shi. Da na ji haka na fara zagin shugabanninsu, sai bakina ya mutu. Ai abin da na yi ke nan a gidana. Na zaɓi harshen da zai fitar da ni kunya a kasuwa, ban tambayi mai kuka ba.

Mairo ta yi aure a Kademi, yau tana da jikoki. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, Baffa take ce mini, kowace salla da tuwonta. Ɗanta Kabiru, mai tuƙa adaidaita sahu a Gaya, shi ya dage sai ya nemo dangin kakarsa. Ta waya ya samu wani Bakano mai shago a babban birnin Ikwatoriyal Gini, mutumin kirki, ya yi ta cigiya har aka gano ƙanwar uwar Mairo, tsohuwa tukuf. Uwar kanta ta rasu.

Aka sa ranar kira, aka gayyace ni a matsayin uba. Muka zauna a tsakar gidan Mairo bayan la'asar, Kabiru ya riƙe wayar yadda za su ga juna. Tsohuwar na ganin fuskarta ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, ta yi ta magana, ta tsaya tana jiran amsa. Mairo ta ce, “Na'am. Allah sarki. Na'am.” Ba ta gane komai ba. Sai da jikan tsohuwar ya mayar da maganar Sifaniyanci, Bakanon ya mayar da ita Hausa, sannan ta iso mana, ta huce kamar kunun da ya zaga gida uku.

A haka muka ji cewa uwar ta rayu har zamanin mai. Da baƙi suka fara cika garin, duk wanda ta gani da hula da doguwar riga a kasuwa sai ta tare shi ta ce, “Gaya? Gaya?” Abin da ta riƙe ke nan na sunan garin mijinta. Sannan tsohuwar ta yi wata tambaya, Bakanon ya fassara wa Mairo.

“Hajiya, ta ce wai ko kalma ɗaya ba ki tuna ba? Ta ce yayarta har ta mutu tana cewa mahaifinki ya yi mata alkawari, kuma shi ba ya saɓa alkawari.”

Mairo ba ta dubi inda nake ba. Ta gyara mayafinta ta ce, “A gaya mata babana bai yi tsawon rai ba.”

Ta rufa mini asiri. Na ga tsohuwar ta girgiza kai, na kuma san abin da ta ɗauka: Bahaushen nan ya tafi da 'yarsu ya manta. Ina zaune a kan tabarma, da bakina, na bari aka ɗora wa Sale. Na koma Ajingi ban iya cin abinci ba.

Me ya rage na Sale? Bai bar gida ba, bai bar gona ba, ko keken ɗinkin can ya baro shi. Abin da ya bari shi ne 'yar da ya ɗauko a kafaɗa daga bakin teku zuwa Gaya, da shaidar da wata mata ta yi masa har ƙarshen ranta cewa ba ya saɓa magana. Kunyar da aka ce ba shi da ita kuwa, ita ce ta kashe shi, don kunyata ya ji ya sakar mini yarinyar. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A gidanmu ƙaramin ne ya hango.

Ranar Juma'ar da ta biyo na hau adaidaitar Kabiru muka koma Kademi. Na ce ya sake kiran mutanen nan. Da fuskar tsohuwar ta fito, na sauka daga kujerar da aka ba ni na durƙusa a ƙasa gaban Mairo. Ta zabura ta ce, “Subhanallahi, Baffa, tashi, yara na kallo!” Na ce su kalla. Na roƙi Bakanon kada ya rage ko ya gyara komai, ya miƙa yadda na faɗa.

Na ce, “Sale bai saɓa alkawari ba. Ya roƙe ni, na ƙi. Ni na ɗauke ta daga hannunsa, ni na hana ta maganar uwarta, don kada a yi mini dariya a kasuwa. Baiwar Allah, ki yafe mini a madadin yayarki. Mairo, na raba ki da uwarki tana raye, na raba ki da ubanki yana zaune a zaurena. Ba ni da abin da zan mayar miki. Ki yafe mini don Allah.”