Hawa'u Mai Tagulla da Kakin Micheline

A unguwar Yelwa da ke Garwa, in ka tambayi gidan Hawa'u mai tagulla, ba sai an yi maka dogon kwatance ba. Shekararta hamsin da takwas, gajeriya ce mai saurin magana, kuma sana'arta ɗaya tun tana amarya: goge kayan tagulla. Tasoshi, butoci, tiren shayi, kaskon turare, duk abin da mata suka gada a wurin iyayensu, ita ake kai wa. Da jiƙaƙƙiyar tsamiya da tankaɗaɗɗiyar toka take aiki, yadda kakarta ta koya mata. In ta gama da tire, sai ka ga fuskarka a ciki.

Abu ɗaya ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya. Ƙyallin ba ya daɗewa. Da damina ta sauka, danshin kogin Binuwai ya shiga ɗakuna, mako biyu kawai sai kayan su dushe, wasu har su yi kore-kore. Ta gwada man gyaɗa, ya kwashi ƙura. Ta gwada man kaɗe, ya yi danƙo.

Maƙwabciyarta Micheline, 'yar Banyo ce mai sayar da zuma, kuma tana narka kakin zuman ta yi kyandir na coci. Wata Lahadi a watan Yuli ta ari babban tiren Hawa'u don ta jera kyandirori a bikin jikarta. Da ta dawo da shi, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana sosa ƙeya.

"Mama, ki yi haƙuri. Kaki ya ɗiga a gefe ɗaya, na kankare bai fita duka ba."

"Kawo, ba komai," in ji Hawa'u. Ta ajiye shi a rana ya yi zafi, ta murje gefen da tsumma, ta jingine shi a ɗaki ta manta.

Bayan mako uku ta ɗauko shi za ta ba baƙi shayi. Rabin tiren ya yi duhu kamar kullum. Ɗaya rabin kuwa, inda kakin ya taɓa, yana walƙiya kamar jiya aka goge. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa. Sai ta bar baƙin a zaune, ta fita da gudu ba takalmi.

"Micheline! Micheline! Fito ki ga abin da kika yi!"

Micheline ta fito a tsorace, ta zaci tiren ya lalace.

"Dubi nan! Dubi nan kuma! Shekara arba'in ina neman wannan, ashe yana bayan katangata!"

A ranar ta karɓi dunƙulen kaki guda. Ta goge tasoshi uku, ta shanya su suka bushe ƙarau. Ɗaya ta bar ta haka nan, ɗaya ta lafta mata kaki, ta ukun ta shafa kaɗan tun tana da ɗumin rana, ta murje da tsohon zane mai laushi har hannunta ya gaji. Kullum da asuba, kafin ta hura wuta, sai ta leƙa su. Ta farkon ta dushe. Ta biyun ta yi hazo. Ta ukun ta kai ƙarshen damina tana ɗaukar ido.

Labari ya bazu. Wata tsohuwar Bafulatana daga unguwar Fulbere ta zo da butar mijinta, ta ga tasar, ta dafe ƙirji ta ce, "Ɗum wooɗi!" wato abin ya yi kyau. Hawa'u ba ta ɓoye wa kowa sirrin ba. Duk ranar Alhamis mata kan cika tsakar gidanta da tsummokaransu, tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana faɗa: "Kaɗan na ce! Kuma kada ki taɓa da hannu bayan kin gama!"

Da rani ya shigo, kakin Micheline ya kasa isar su. Hawa'u, wadda ba ta taɓa wuce Ngaundere ba, ta ce za ta bi Micheline Banyo su je wurin masu amyar zuma da kansu. Kwana biyu suka yi a mota, sauran hanyar a kan babur, tana riƙe da rigar direba tana salati tana dariya. Ƙudan zuma biyu suka harbe ta a goshi. Ta dawo Garwa da ido ɗaya a kumbure da buhu biyu na kaki, kuma tun kafin ta sauka daga mota ta fara ba da labari.